"Ba Komai, Ina Gida Ne Kawai"

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, zan fara da ba ku labarin wata ƙarya da na yi a gaban mutum biyar, ba don an tilasta mini ba, ba kuma don in ci wata riba ba. Hasali ma ƙaryar ce ta kayar da ni.

A cikin shekarar 2023 aka kira ni intabiyu a wata ma'aikata da ke neman akanta. Na shirya tun da asuba, na rungumi takarduna a cikin fayil, na tafi. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai fara'a, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya: digiri, shaidar bautar ƙasa, takardar kama aiki, sa'an nan takardar ajiye aiki mai ɗauke da shekarar 2014. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "To, Malama, daga nan zuwa yau fa, me kika yi?" Kafin in yi tunani sai na ji bakina ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, ina gida ne kawai."

Shekara tara ke nan na share da numfashi guda. A cikin waɗannan shekaru na yaye 'ya'ya uku, na yi jinyar ɗaya daga cikinsu wata da watanni a asibiti, na riƙe kuɗin cefanen gida mai mutum goma ba a taɓa kwana da yunwa ba, na kuma zama uwar adashin mata ashirin da biyu har zagaye shida, ba a taɓa neman kwabo an rasa ba. Amma da aka tambaye ni sai na ce ba komai. Ban sami aikin ba, ban kuma ga laifin kwamitin ba, gama wanda ya kushe hajarsa da bakinsa ba ya jin haushin mai saye in ya wuce. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, wa ya koya mini wannan amsa?

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri, ba wanda ya kore ni daga aiki, maigidana kuma bai hana ni ba. Ɗana na biyu ne ya zo da rashin lafiya, 'yar rainon da nake da ita aka yi mata aure, mahaifiyata tana wani gari, hutun haihuwa ya ƙare, na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki alƙalami na rubuta takardar ajiye aiki, ina cewa a raina shekara ɗaya ce ko biyu. Kowace mace da ta taɓa yin haka abin da ta ce ke nan.

To amma a ƙasar nan shekara ɗaya ba ta tsayawa a ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mata goma a Nijeriya sukan haifi 'ya'ya 53 a tsawon rayuwarsu, a Arewa maso Yamma kuwa 66. Ka haɗa wannan da shayarwa ta kusan shekara biyu da addini da al'ada suka san mu da ita, za ka ga cewa kafin a yaye wannan an sami cikin wancan. Dokokinmu kuwa da makonni suke ƙirga. Dokar Ƙwadago, wadda muka gada tun mulkin soja na shekarun 1970, ta ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya tana da aƙalla mako 16 da cikakken albashi. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a shekarar 2014, Jihar Kaduna ma ta ba da sanarwar haka a 2019. Madalla da waɗannan duka. Sai dai dukansu hutun jego ne, an yi su ne domin macen da za ta fita ta dawo kan kujerarta kafin kujerar ta huce. Wadda ta yi shekara biyar ko tara fa? Ita ba ta cikin lissafi. An san ƙofar da ta fita, ba a gina wadda za ta shigo ba.

Mai karatu zai so ya san abin da zaman gida yake yi wa ma'aikaci, kuma ba zan yi masa ado ba. Ilmi yana tsatsa kamar wuƙa. A intabiyun nan an tambaye ni nawa ne harajin sayen kaya da ake kira VAT, na ce biyar cikin ɗari, da ƙarfin murya kuwa, alhali tun watan Fabrairu na 2020 ya koma bakwai da rabi. Na bar ofis ana yawo da bauca a hannu daga tebur zuwa tebur, kowace ma'aikata da asusunta barkatai a bankuna. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya, aikin da na sani a takarda ya koma cikin kwamfuta. Wanda ya ce wa mace ba abin da ya wuce ta, ya yaudare ta.

Amma fa a lura, wannan tsatsar a sama take. Da na zauna na sa kaina, cikin wata uku na cim ma abin da ya wuce ni. Tushen aikin, watau sanin cewa kowane kwabo da ya shiga dole a ga inda ya fita, yana nan daram. Tsatsar da ta fi cin ƙarfe ita ce ta zuciya, ita ce kuma ba a magana a kanta.

Ga yadda take shiga. Da farko sunanka ne yake ɓacewa. A ofis ana kirana da sunana, a nemi ra'ayina, in sa hannu a takarda a biya mutum kuɗinsa. A gida na koma Maman wane, sunan da nake alfahari da shi, amma wanda yake nuna cewa ta wani ake sanina. Sa'an nan harshe ya yi nauyi, domin wanda ya shekara tara yana magana da yara da masu tallan kayan miya, ranar da aka ce ya yi bayani a gaban manya sai kalmomi su guje masa. Sa'an nan hannu ya saba da karɓa. Komai kirkin miji, macen da ta saba da albashinta tana jin wani abu a ranta duk ranar da ta nemi kuɗin kati. Daga ƙarshe sai labarin abokan karatu ya riƙa iso ka: wance ta zama mataimakiyar darekta, wane da kike koya wa lissafi a aji yanzu shi ne mai binciken kuɗi na jiha. Ka taya su murna da gaske, ka koma ɗaki ka ji kamar jirgi ya tashi ya bar ka a tasha. A wurin biki in aka gabatar da mata, sai a ce wannan likita ce, wannan malama ce, in aka zo kanka a ce, "Ita ba ta aiki." Wanda ya ji an faɗi haka a kansa sau ɗari, ranar da aka tambaye shi zai maimaita. Ashe ba ni na ƙirƙiro "ba komai" ba, hadda na kawo.

Wani zai ce ai duk wannan a cikin kai yake, mace ta daure ta cire tsoro kawai. Da haka ne da abin ya yi sauƙi. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 2018 wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Katherine Weisshaar, ta buga sakamakon wani gwaji. Ta aika da takardun neman aiki na ƙirƙira fiye da 3,000 zuwa ga kamfanoni, ilmi ɗaya, ƙwarewa ɗaya. Bambancin kawai shi ne, wasu suna kan aiki, wasu an sallame su, wasu kuma sun ajiye aiki don raino. A cikin uwaye ɗari masu aiki an kira kimanin 15, a cikin waɗanda aka sallama kimanin 10, a cikin masu raino kuwa kimanin 5 kacal. Watau wanda aka kora ya fi wanda ya tafi rainon ɗansa daraja a idon mai ɗaukar ma'aikata, ko da tsawon zamansu ɗaya ne. Maza masu raino ma ba su tsira ba, haka aka yi musu. Ita kuma Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mafi yawan ratar da ke tsakanin abin da namiji da mace suke samu a sana'a ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar ɗan fari. Wannan a ƙasashen da ake haihuwar ɗaya ko biyu ke nan.

Mu a nan har da ƙarin wani shinge. Buɗe jarida ka duba tallan aiki: kada mai nema ya wuce shekara 27, kada ya wuce 30, in an yi sassauci 35. Yarinyar da ta gama jami'a tana da 24, ta yi bautar ƙasa, ta yi aure ta yi raino, kafin ta ɗago kai an rufe. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sa iyakar shekaru a tallan aiki, amma kira daban, doka daban. Saboda haka idan gwiwar mace ta yi sanyi, ba raunin zuciya ba ne kaɗai. Ta ƙwanƙwasa ne ta ji ƙofa a kulle.

Ban ce masu ɗaukar ma'aikata ba su da hujja ko kaɗan ba. Mai kamfani yana tsoron ya ɗauki wadda za ta ce yau yaro ba lafiya, gobe suna. Amma a duba da kyau. Macen da ta dawo tana da shekara 38, autanta ya shiga makaranta, ita ce ma ta wuce wannan mataki, tana kuma da sauran shekara 22 kafin ta kai 60 na ritaya. Ba za ta gudu zuwa wani kamfani bayan wata shida ba, domin ta san wahalar da ta sha kafin ta samu. Ga shi kuma kullum muna kukan ƙarancin malamai mata a makarantun 'yan mata, da ƙarancin unguwarzoma da nas-nas a asibitocin karkara, har wasu mazan suna hana matansu zuwa awo don kada namiji ya duba su. Alhali a kowace unguwa akwai mai takardar malanta ko ta jinya a ƙasan akwati, an kashe dukiyar jama'a an horar da ita, an bar ta. Muna kukan ƙishirwa muna zaune a kan murfin rijiya.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da gane wannan asara. Daphne Jackson, mace ta farko da ta zama farfesar kimiyyar fiziks a Ingila, a Jami'ar Surrey a 1971, ta lura da yadda mata masu digirin kimiyya suke ƙarewa a ƙananan ayyuka bayan raino, don kawai ba wanda zai ba su damar sabunta ilminsu. A 1985 ta fara wani shiri na ba su gurbi a jami'a ko ɗakin bincike, rabin yini, da albashi, har shekara biyu, suna aiki suna koyon abin da ya wuce su. Ta rasu a 1991, aka kafa gidauniya da sunanta a 1992 don ci gaba da aikin. Bankin Goldman Sachs na Amurka ya ɓullo da irinsa na 'yan makonni a 2008, manyan kamfanoni suka bi sahu. A Jamus uwa ko uba suna iya ɗaukar hutun raino har shekara uku a kan kowane ɗa, aikinsu yana jiransu. Tun a 1981 ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniya mai lamba 156, wadda ta nemi ƙasashe su taimaki ma'aikacin da hidimar iyali ta fitar ya koma bakin aiki ta hanyar horo da ba da shawara.

Kada kuma a ce wannan baƙon tunani ne na Turawa. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru a ƙarni na 19, su wa ta ɗora wa nauyin kai ilmi ƙauyuka? Dattijan mata ne da suka gama raino, su ne jajin kowane ayari, su ne ake sa wa malfa. Ba ta ce lokacinsu ya wuce ba, cewa ta yi yanzu ya zo. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nawa ganin abin da muke bukata ba shi da tsada. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun yarda a ba ma'aikaciya izinin bin mijinta in an tura shi ƙasar waje karatu. To in za a riƙe wa mace gurbinta don ta bi miji, me zai hana a riƙe mata don ta raini ɗa? A ba da hutun raino ba albashi, har shekara uku, ga uwa ko uba, wanda ya dawo ya ci gaba daga matakin da ya tsaya. Baitulmali ba ta yi asarar ko sisi ba. Da akwai wannan a 2014 da ban rubuta waccan takarda ba. Ga waɗanda suka riga suka fita kuwa, Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta kowace jiha tana iya buɗe gurbin gwaji na wata shida da ɗan alawus, musamman a makarantu da asibitoci, wadda ta yi kyau a tabbatar da ita. Idan kuma dole sai an sa iyakar shekaru, to a cire wa uwa shekarun raino daga lissafi. Ku da ke karanta wannan mujalla, nan da shekara goma sha biyar waɗansunku ne za su zauna a kujerar dattijon nan mai tabarau. Ina roƙon wanda ya zauna, in ya ji mace ta ce ba komai, ya sake tambayarta.

Yanzu gare ku ƙannena mata da ke aji, tun ran gini ran zane. Ba na ce kada ku zauna a gida ba. Wadda ta zaɓi raino ya zama aikinta har abada ta zaɓi babban aiki, kada kowa ya raina ta, ni ma ban yi nadamar ranar da na kwana a gefen gadon ɗana ba. Abin da na yi nadama shi ne yadda na fita kamar mai gudun gobara, ban bar wa kaina hanyar dawowa ba. Kafin ki rubuta takardar ajiye aiki, ki nemi duk wani hutu da doka ta ba ki, ki je ki zauna da shugabanki ki gaya masa halin da kike ciki, ki nemi canjin wuri in shi ne mafita. In fitar ta zama dole, ki fita da sallama mai kyau, ki karɓi takardar shaidar aikinki a hannu tun waɗanda suka san ki suna nan. Kada ki bari lasinki ya mutu, ko na jinya ne, ko na malanta, ko na likita, ko rajistar ƙungiyar akantoci, domin raya shi kowace shekara ya fi sauƙi bisa tayar da shi bayan goma. Ki adana lambar asusun fenshonki. Bisa dokar fensho ta 2014 mai aiki yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi kuma 10. Ranar da kika daina aiki zubin ya tsaya, amma abin da aka tara naki ne, da shi za ki ci gaba in kin dawo. Ki riƙe mutum biyu ko uku daga tsofaffin abokan aiki, ki riƙa gaishe su ba sai da bukata ba, gama yawancin waɗanda na sani da suka koma, ta bakin wani da ya tuna da su suka koma. Ki kuma bar wata 'yar taga a buɗe: darasi ɗaya a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, koyarwa a Islamiyyar unguwa, riƙe littafin kuɗin wata ƙungiya. Ki rubuta shi da kwanan wata. Abin da ba a rubuta ba, ranar intabiyu ke kanki za ki manta da shi.

Ku kuma maza, 'yan'uwana, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa. Na ji waɗansu suna dariyarsa, waɗansu kuwa sun karɓa sun tafi harkar gabansu. Ranar da matarka ta ce tana so ta koma aiki, kalmarka ta farko tana iya gina ta ko ta rushe ta. Ni tawa sa'ar, da na dawo daga intabiyun nan ina kuka, maigida bai ce in haƙura ba. Cewa ya yi, "Ke da kika kama ni da kuskuren naira dubu uku a kuɗin makaranta, ke ce ba ki yi komai ba?" Ya ɗauki kai yara makaranta na wata uku, ni kuma na koma gaban kwamfutar wata ƙawata ina koyo, ina jin kunya ina tambaya.

A 2024 aka sake kirana a wani wuri. Tambayar nan ta sake zuwa, kusan da kalmominta. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ajiye aiki na yi rainon 'ya'yana shekara tara, yanzu na gama. A ciki na riƙe littafin adashin mutum ashirin da biyu, ga shi na zo da shi. Na kuma yi wata uku ina sabunta ilmina, a gwada ni." Muryata ta yi rawa, amma na kai ƙarshe. Wata mata a cikin kwamitin ta karɓi littafin adashin ta daɗe tana buɗawa.

An ɗauke ni a matakin da na bari shekara goma da suka wuce, ba a ƙara mini ko taki ɗaya ba, asusun fenshona kuma yana nan da ramin da ba zai cike ba. Shugaban sashena yaro ne da ya shiga jami'a a shekarar da na fita. Ranar farko ya miƙe ya ce, "Anti, sannu da zuwa," ya nuna mini yadda ake shiga na'urar biyan kuɗi, sau uku yana maimaitawa ban riƙe ba. A mako na uku na nuna masa inda lissafin watan jiya ya ƙi haɗuwa da na banki. Da yamma kuma ina nan tare da ku a ajin babbar difloma, a layin baya kusa da ƙofa, domin in malami ya wuce ƙarfe shida dole in fita in ɗauko auta daga gidan maƙwabta.